Tambayoyin Malamai: Kwamfutocin da ke Kulle a Sito, Majigi, da Darasin da Na'ura Ta Rubuta

Wannan makon malaman makaranta ne suka cika mini akwati da tambayoyi, yawancinsu daga cikin garin Sakkwato da ƙananan hukumomin da ke kewaye. Na zaɓi shida. Kamar kullum na cire sunaye, na bar gari ko unguwa kawai.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mataimakin shugaba ne a wata ƙaramar sakandare wajen Gwadabawa. Shekara biyu ke nan da anka kawo muna kwamfutocin hannu 20 da laftof ɗaya. Suna nan kulle cikin sito, don ba mu da intanet, sabis ma sai an hau tudu. Mi za mu yi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kafin komai a nemo makullin siton nan yau, kada a bari sai gobe. Batirin waya da na kwamfuta ba ya son zama babu caji, ba ya kuma son zafi, ga shi ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafin waje ma kan haura digiri 40, tanderu ne kawai. A fito da su ɗaya bayan ɗaya a shimfiɗa a kan tebur. Wadda ka ga ba ta kwanta daidai ba, ko gilashinta ya ɗago daga gefe, batirinta ya kumbura. Kada a sa mata caji ko na minti ɗaya, a ware ta a kai wa mai gyara. Sauran a jona su a bar su su daɗe, domin wata sai ta yi awa guda kafin ta nuna alamar rai.

Maganar intanet kuwa, ba dole sai da shi ba. Akwai manhaja kyauta mai suna Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta ƙera domin irin makarantarku. A ɗauko laftof ɗin a shigo da shi gari inda sabis yake da ƙarfi, a saka manhajar, a sauke darussa a cikinta sau ɗaya. Akwai lissafin Khan Academy, akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Colorado ta Amurka, akwai ƙananan labaran yara na African Storybook. Sai dai kada kwaɗayi ya ja ku ku ce duka za ku kwashe, don bidiyon kaɗai zai cinye data da wurin ajiya. A zaunar da malamin lissafi da na kimiyya su zaɓi abin da ya shafi zangon da ake ciki.

Idan an koma makaranta, sai a kunna ƙaramar rauta, irin akwatin nan mai rarraba Wi-Fi. Ba ta buƙatar sim ko data, aikinta kawai ta haɗa laftof da sauran na'urorin. Laftof zai nuna wani adireshi na lambobi mai ƙarewa da 8080, kowane yaro ya rubuta shi a burauzarsa, shi ke nan darasi ya buɗe. Hotsfot na waya ma yana yi, amma yawancin wayoyi ba sa ɗaukar na'ura fiye da 10. Malami yana iya buɗe aji a cikin Kolibri, ya ba da gwaji, ya ga wanda ya ci da tambayar da ta kayar da mafi yawa.

Na taɓa zama a bencin baya a wani aji ana gwajin haɗa wutar lantarki na PhET, yara uku-uku a kan na'ura ɗaya. Wata yarinya ta ja waya daga kan batir ta mayar da ita gindinsa ba tare da ta bi ta ƙwan fitila ba, sai ga batirin ya kama da wuta a kan gilashi. Aji ya kaure da "wuta! wuta!" Malamin bai tsawata ba, sai ya ce kowa ya yi irin kuskurenta, sannan ya tambaye su me ya sa wayoyin gida suke ƙonewa idan suka haɗu. Hannu wajen goma ya tashi sama.

Saura wuta. Laftof da rauta tare ba su cika wuce wat 60 zuwa 70 ba. Batirin sola na bolt 12 mai amfiya 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, amma idan irin mai ruwa ne rabin wannan ya kamata a riƙa ja don ya yi ƙarko. Ko haka ya ishi wunin makaranta. Cajin kwamfutocin hannu 20 zai ci kusan wani rabin batirin, saboda haka a yi shi da rana tsaka lokacin da faifan sola yake kawo wuta sosai.

Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022. Shi yana bin tsarin karatun Najeriya, har da darussa da Hausa, malamanku su yi rajista a wayoyinsu duk ranar da suka shigo gari.

Na san abin da ke sa shugabanni kulle kaya: tsoron ranar da za a zo daga ofis a ce wa ya fasa. A buɗe littafi guda, a manna wa kowace na'ura lamba, malamin da ya ɗauka ya sa hannu, in ya dawo da ita ya sake sawa. Gilashin da ya tsage a hannun ɗalibi yana da bayanin da za a yi. Na'ura 20 da suka mutu a kwali fa, me za a ce?

Tambaya: Ina da ƙaramar makarantar kuɗi a Mabera. Na ga majigi mai araha a kasuwa, an rubuta lumen 8,000 a kwalin. In saya, ko talabijin ya fi?

Amsa: Hajiya, talabijin. Lumen ma'aunin ƙarfin hasken majigi ne, amma wannan lamba ta jikin kwali ta talla ce. Ma'aunin da za ki nema shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa, kuma ajin da rana ke shiga yana buƙatar kusan 3,000 na wannan ma'auni. Ƙananan majigin nan masu araha 'yan ɗaruruwa kawai suke bayarwa. Da dare a falo suna da kyau, amma da ƙarfe goma sha ɗaya na safe hoton kamar an wanke shi. Sai kin rufe tagogi, ki tuna kuma da yara arba'in ko hamsin a ɗaki rufe cikin bazara. Majigi na gaske mai haske yana da tsada, yana jan wat 250 zuwa 300, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa mashaƙar iska har ya riƙa kashe kansa.

Talabijin mai inci 43 bai cika kai wa wat 100 ba, ana ganinsa da taga a buɗe, kuma yana karanta filashi kai tsaye. A kafa shi sama a bangon da ba ya kallon taga, a ɗinka masa riga saboda ƙura. Rauninsa ɗaya: na baya ba ya ganin ƙananan rubutu. Malamar da za ta shirya darasi ta je ƙarshen aji ta duba da idonta, in ba ta iya karantawa ba ta ƙara girman baƙin.

Tambaya: Abokan aikina sun koma sa ChatGPT yana rubuta musu shirin darasi cikin minti biyu, ni kuwa ina kwana ina rubutu da biro. Shin akwai laifi in bi sahu? Daga malamin tarihi a Wamakko.

Amsa: Malam, laifin ba a amfani da ita yake ba, a kwafewa ido rufe yake. Ka fara sanin yadda ƙirƙirarriyar basira irin wannan take aiki. Ba littafi take buɗewa ta duba maka amsa ba. An horar da ita da rubutu mai ɗimbin yawa, sai ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa zancenta yake da daɗi ko da ba gaskiya ba ne. Mafi yawan abin da ta karanta kuma Turanci ne, tarihinmu da harshenmu kaɗan ne a ciki.

Na gwada wata daga cikin irin waɗannan manhajoji, ba zan kama suna ba. Na ce ta rubuta mini darasin aji biyu kan kafuwar Daular Usmaniyya. Ya fito tsaf, da manufa da gabatarwa da auna fahimta, har na fara sha'awa. A layi na huɗu sai ta ce a Sakkwato aka haifi Shehu Usmanu. Kai da kake koyar da tarihi ka san a Maratta ne cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tashi a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Sakkwato kuwa sai a 1809 Muhammadu Bello ya mai da ita birni. Kai za ka kama kuskuren. Malamin da aka ɗora wa darasin don babu mai yi fa? Haka zai juye shi a allo, yara sittin su juye a littafi.

Inda take da amfani shi ne idan kai ka ba ta kayan aikin. Ɗauki shafin littafin da hukuma ta amince da shi, ka manna mata, ka ce ta fitar da tambayoyi goma daga cikinsa kawai, ko ta sauƙaƙa Turancin yadda ɗan aji ɗaya zai gane. Malamin lissafi ya ce ta sauya misalan tufa da dala zuwa buhun albasa da kwanon gero. Wannan tana yi da kyau, tana kuma rage maka dare. Abu biyu na hana: kada ka karɓi aya ko hadisi daga gare ta ba tare da ka buɗe Alƙur'ani ko littafin hadisin ka gani ba, kada kuma ka zuba mata sunayen ɗalibai da makinsu. Karin maganar Hausa ma takan ƙago wadda ko kakarka ba ta taɓa ji ba.

Tambaya: Ɗalibaina na aji shida suna da ƙoƙari, amma da yawansu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ga JAMB ta matso. Kwamfuta biyu gare mu. Daga Bodinga.

Amsa: Biyun ma sun isa a fara, Malam. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu, don haka ba abin gudu ba ne. Abin da zai kwantar musu da hankali: ana iya amsa JAMB da madannai kaɗai. A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Zana madannan a kwali ka manna a bango su haddace wurin kowane harafi, ka ja musu kunne kan S, kada hannu ya je can sai an gama.

A saka manhajar gwaji mai aiki babu intanet, a tsara layi, kowa minti 20 bayan tashi. Ka sa agogo a gabansu, domin tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Yawancin yaranmu lokaci ne yake kayar da su. 'Yan mata kuma a ware musu ranakunsu, in ba haka ba maza za su mamaye kujerun biyu.

Tambaya: Haɗa sakamakon ɗalibai 60 da fitar da na ɗaya da na biyu yana cinye mini mako guda. Waya za ta iya?

Amsa: Za ta iya, Malama. Buɗe Google Sheets ko WPS Office. Sa suna a layin A, gwaji biyu a B da C, jarrabawa a D. Ɗalibin farko ya fara daga jeri na biyu. A gidan E2 rubuta =B2+C2+D2 don haɗa maki, a F2 kuma =RANK(E2,E$2:E$61) don fitar da matsayi, sai ki ja su zuwa ƙasa. Alamar dalar nan kada ki bar ta, ita ke riƙe jerin kada ya zame. Idan biyu suka yi kunnen doki a na uku, mai bi musu zai zama na biyar, ba kuskure ba ne. Wajen bugawa ki mai da shi PDF ki tura wa mai shagon, kada ki soka filashinki a kwamfutar da kowa ke sokawa, can ake kwaso bairos.

Tambaya: Muna da zauren WhatsApp na iyaye, amma ya koma wurin tura wa'azi da tallan atamfa. Kuma wani uba ya yi faɗa don mun sa hoton ɗiyarsa a Facebook na makaranta. Daga Runjin Sambo.

Amsa: Uban yana da gaskiya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce bayanan yaro, hoto kuwa yana ciki, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. A sauke hoton, a ba shi haƙuri, sannan a ƙara layi ɗaya a takardar shiga makaranta inda uba zai ce ya yarda ko bai yarda ba. Sakamakon yaro ma kada a watsa shi a zaure, a tura wa mahaifinsa shi kaɗai.

Zauren kuwa, shiga saitinsa ka mayar da shi masu kula kaɗai ke iya turawa, ka ba da lamba ɗaya ta masu ƙorafi. Duk sanarwar da aka rubuta a bi ta da saƙon murya da Hausa, don iyaye da yawa ba sa karatun boko, kuma sau da yawa wayar tana hannun uba a kasuwa, sai dare uwa za ta saurara. Muryar minti biyu ba ta kai MB ɗaya ba. A faɗi aji, a faɗi rana, a maimaita ranar sau biyu.