Ƙanena Yana Cewa Gara Ya Mutu: Motsa Jiki Zai Wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 24 ne, ya gama bautar ƙasa bara, har yanzu bai samu aiki ba. A da shi ne gola a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, yanzu ko fili ba ya leƙawa. Ya daina zaman majalisa, wuni yake a ɗaki, ya raba dare yana latsa waya. Sau biyu yana ce wa Hajiyarmu wai ya zame mana kaya, da ya mutu da kowa ya huta. Wani abokina ya ce in biya masa kuɗin gidan motsa jiki, zai warware. Hakan ya isa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai isa ba, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, motsa jiki yana da nasa gurbin, amma akwai abin da ya riga shi, domin ƙanenka ya riga ya furta maganar mutuwa har sau biyu.

Kada a ɗauki wannan furuci a matsayin shagwaɓa ko neman a tausaya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, maza sun ninka mata, kuma hakan na sahun gaba cikin abubuwan da ke hallaka 'yan shekara 15 zuwa 29. Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Thomas Joiner, ya nuna cewa abu biyu in suka haɗu a zuciyar mutum haɗari yana ƙaruwa: jin cewa ya zama nauyi ga mutanensa, da jin cewa ba shi da kowa. Na farkon ƙanenka ya faɗa da bakinsa. Na biyun kuma ga shi nan a janyewarsa daga fili da majalisa.

Don haka yau, ba gobe ba, ka keɓe da shi, ba a gaban Hajiya ko ƙanne ba. Ka tambaye shi kai tsaye: "Na ji abin da ka faɗa wa Hajiya. Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar cusa masa tunanin za su yi. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Yawanci ma sauƙi mutum yake ji an ba shi ƙofar magana. Idan ya ce e, ka ci gaba cikin natsuwa: ya tsara yadda zai yi? Ya tanadi wani abu? Ya taɓa gwadawa? Ka saurara kawai. Ban da "kai fa namiji ne", ban da "wasu sun fi ka shiga uku", ban da tsorata shi da wuta. Ya san hukuncin addini sarai, abin da wa'azi a wannan lokaci zai jawo shi ne ya rufe baki ya bar ka cikin duhu. Idan kuma ya roƙe ka ka rufa masa asiri, kada ka yi alkawarin da zai hana ka neman taimako.

In akwai shiri, ko ya tanadi abu, ko ya taɓa gwadawa, to gaggawa ce: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Irinsa akwai a Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. In babu shiri, duk da haka ya ga likita cikin makon nan, domin abin da ka bayyana ya yi kama da cutar damuwa, kuma tana da magani. In sunan asibitin ne zai sa ya tubure, a fara da likitan babban asibiti. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana ganin likita.

A daren nan kuma a zagaya gida. Maganin ƙwari, maganin feshin gona, na ɓera, tarin ƙwayoyin Hajiya na hawan jini ko siga, duk a kwashe a kulle, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Dalili shi ne tsananin tunanin yakan zo ne ya wuce cikin mintuna ko sa'o'i, in abin ba ya kusa sai guguwar ta lafa mutum yana raye. Ƙasar Siri Lanka da ta haramta magungunan feshi mafiya guba, yawan kisan kai a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga tsakiyar shekarun 1990. Ka kuma bincika ko yana shan tiramol, kodin ko wiwi, ko ya ci bashi a cacar ƙwallo ta waya. Waɗannan suna rura wutar, samari kuwa ba sa faɗa sai an tambaya.

Yanzu sai motsa jiki. Abin da aka tabbatar shi ne yana rage cutar damuwa mai sauƙi da matsakaiciya, yana gyara barci, yana rage fargaba. Hujjar cewa shi kaɗai yana hana kisan kai ba ta da wannan ƙarfin, shi ya sa yake tafiya tare da magani, ba a madadinsa ba.

Inda shawarar abokinka za ta ci tura shi ne a biya kuɗi a ce ya je. Zai je sau biyu ya daina, sai ya ƙara wa kansa wani laifin: "ga shi na sa Yaya asara." Cutar damuwa sha'awa take fara kashewa, don haka jiran ya ji marmari ɓata lokaci ne. Motsin ke zuwa farko, marmarin ya biyo baya. Kada ka ce "za ka je?" Ka tsaya bakin ƙofa da takalminka ka ce "fito ka raka ni."

Ku fara da tattakin minti 10 zuwa 15 bayan sallar Asuba, kwana uku a mako, ranaku sanannu. Safiya ta fi, saboda hasken rana yana daidaita barcin mai raba dare, ga kuma sanyi lokacin bazara. Duk mako ku ƙara minti biyar har ku kai minti 30 sau biyar, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga baligi. Saurin da ake so shi ne numfashi ya ɗan hau amma ana iya hira. Daga baya a ƙara ɗaga ƙarfe sau biyu a mako in yana so. Ranar da ya ƙi fita, kada a yi faɗa, a dawo washegari. Amfanin kuma a makonni ake ganinsa.

Tafiyar tana da wata riba: samari da yawa ba sa iya buɗe ciki ido cikin ido, amma kafaɗa da kafaɗa a kan hanya sai ka ji magana ta fito da kanta.

Ƙwallon ita ce babbar damarku. Ka samu kocin ko abokansa biyu masu hankali, su zo da kansu su ce ba su da gola ranar Asabar. Wanda yake ganin kansa kaya, abin da ya fi buƙata shi ne a neme shi don wani amfani. A gida ma a ba shi aiki na gaske, kamar kai Hajiya asibiti ko koya wa yara karatu. Sai dai ka ja kunnen 'yan majalisa, "har yanzu zaman kashe wando?" da "yaushe za mu sha biki?" wasa ne a wurinsu, shi kuwa yana tafiya da su ɗaki. Kada kuma nauyin ya tsaya a kanka kai kaɗai. Ku zama uku ko huɗu kuna karɓa-karɓa. Ku zauna da shi ku rubuta a wayarsa alamomin da yake ji in abin ya taso, wurin da zai je, da lambobin mutum uku da zai kira ko da ƙarfe biyun dare ne.

In likita ya ba shi magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kada ya daina don bai ga canji ba. Maganin ya zauna a hannunka. Makonnin farko ake ƙara sa ido, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, domin ƙarfin jiki kan dawo kafin zuciya ta washe. In ka ga ya natsu farat ɗaya bayan dogon ƙunci, yana rabar da kayansa, yana bin mutane neman yafiya ba gaira ba dalili, kada ka ɗauka sauƙi ne ya samu. Ku koma asibiti a ranar.