Gogen Sinawa Mai Tsirkiya Biyu

TAMBAYA: Malam, na ga wata 'yar ƙasar Sin a talabijin tana kaɗa wani abu mai kama da goge, sautinsa kamar mutum na rera kuka. Abin da ya ɗaure mini kai, da ta gama ba ta raba izgar da jikinsa ba, tare ta ajiye su. Mene ne sunansa, kuma yaya ake kaɗa shi? — Wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa, ka iya kallo, domin abin da ka lura da shi nan ne sirrin yake. Sunansa erhu. "Er" na nufin biyu, wato tsirkiyoyinsa, "hu" kuwa sunan da Sinawa a zamanin da suke kiran ƙabilun arewa da yammacinsu, don daga wajensu asalinsa ya fito tun zamanin daular Tang, tsakanin shekarar 618 zuwa 907.

Tsawonsa kusan santimita 80 ne. Sanda ce siririya ta katako mai tauri, a ƙasanta ɗan akwati mai kusurwa shida ko takwas, an rufe fuskarsa da fatar mesa. A kan fatar ake ɗora ɗan ƙaramin jaki wanda tsirkiyoyin ke hawa. A sama akwai maɗaurai biyu na ƙara musu tauri, sai wani zare da ake kira qianjin da ke ɗaure su kusa da sandar. Da can da siliki ake yin tsirkiyar, sai bayan shekarun 1950 ƙarfe ya maye gurbinsa. Fatar nan ita ce ran abin, shi ya sa mai saye yakan tsaya yana duba girman ɓawonta da yadda aka ja ta. Tun 2005 hukumomin Sin ke neman shaidar cewa fatar ta mesar kiwo ce, ba ta daji ba, kuma a ganina sun yi daidai.

Yanzu ga izgar. Sandarta gora ce, gashinta na wutsiyar doki, kuma an zura gashin ne a tsakanin tsirkiyoyin biyu, ba ya fita sai an kwance shi. Don haka fuskokinsa biyu duka suna aiki, duka ake shafa musu ƙaro. Makaɗi yakan zauna ya ɗora akwatin a cinyarsa ta hagu. In yana son tsirkiyar ciki mai kaurin murya, sai ya danna gashin da yatsan tsakiya da na kusa da shi zuwa jikinsa. In ta waje yake so, mai zaƙin murya, sai ya tura sandar waje. Na taɓa zama dab da wani dattijo yana kaɗawa, na zuba wa hannunsa na dama ido: wuyan hannun na lanƙwasa kamar ba ƙashi, yatsun kuwa da ƙyar za ka ga motsinsu, ga farin garin ƙaro ya taru a kan akwatin. Har yau ban manta ba.

Kukan da ka ji kuwa aikin hannun hagu ne. Babu allon da yatsa ke danne tsirkiya a kai, a iska take. Ɗan ƙara dannawa kaɗan, sauti ya hau. Sassautawa, ya sauka. Da haka ake zamewa daga murya zuwa murya ba yankewa, ake karkaɗa sauti, har a kwaikwayi haniniyar doki. Nan kuma wahalar take, domin babu wata alama da za ta nuna wa ɗan koyo gurbin yatsa, kunnensa ne malaminsa.

Erhu ya daɗe yana hannun mabarata da makaɗan wasan kwaikwayo, har wani malamin kiɗa mai suna Liu Tianhua, wanda ya rayu daga 1895 zuwa 1932, ya shigar da shi jami'a ya tsara masa kiɗa na kansa. In kana son jin zurfinsa, nemi kiɗan Abing, makahon garin Wuxi da ke kaɗawa a titi. An naɗi sautinsa a 1950, 'yan watanni kafin rasuwarsa.