Tambayi likita: maganin rage ƙiba da hanta

Wata 'yar'uwa daga unguwar Zariya ta ce: "Likita, wata biyu ke nan ina shan ƙwayoyin rage teɓa da na saya ta WhatsApp, mai sayarwa ta ce ganye ne zalla. Yanzu fitsarina ya yi ja kamar shayi, ga kasala, abinci ba ya shiga."

Hajiya, ki daina sha tun yau. Ki fita tsakar gida da madubi ki duba farin idonki a hasken rana. In ya yi ruwan ɗorawa, shawara ce, hanta ta taɓu. Ko bai yi ba, ki je a ɗebi jininki a auna ALAT da ASAT da bilirubin, wato gwaje-gwajen lafiyar hanta, a duba ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a ƙasar nan. Ki tafi da kwalin a ga abin da ke ciki. Kada ki ɗora wani jiƙo na shawara a kai, parasitamol ma sai da izinin likita. Yawanci hanta tana farfaɗowa in an daina da wuri. Batun "ganye ne" kuwa, ai zaƙami ma ganye ne.

Wani matashi daga unguwar Ali Ɗan Sofo: "Shayin da muke dafawa a fada shi ma yana ɓata hanta?"

A'a, ɗan'uwa. Matsalar tana ga koren shayin da aka tace aka ɗura cikin ƙwaya. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta nuna cewa miligiram 800 ko fiye a rana na sinadarinsa, EGCG, kan iya taɓa hanta. Ku dai rage sukari.

Wani magidanci kuma: "Maganin rage ƙibar matata daga Amurka aka kawo, ba na kasuwa ba ne."

Malam, a can ma ya yi ɓarna. A 2009 aka janye maganin rage ƙiba na Hydroxycut daga kasuwa kan rahotannin lalacewar hanta, har da mutuwa. A 2013 wani irinsa, OxyElite Pro, ya kwantar da mutane a Hawai, wasu sai da aka yi musu dashen hanta. Duba jikin kwalbar, in ka ga Garcinia cambogia, wani ɗan itace da ake zargi da taɓa hanta, ta ajiye. Wata biyu ko uku mutum yana sha ba ya jin komai, shi ya sa nake so a auna jininta ko da tana ganin lafiya lau take.