Amsar Anti ga Amarya kan gashin ramin Hawayi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Amarya, ke nake ba wa amsa, kan bidiyon nan da kika turo na mutanen Hawayi, tsibiran nan na ƙasar Amurka da ke tekun Fasifik, suna tono nama daga rami, kika ce ko ana iya yin irinsa a gida. Kafin ma in buɗe waya na tarar an yi miki caa, wannan ta ce a'uzubillahi ai alade ne, waccan ta turo sitika. Haba jama'a. Yarinyar nan ba cewa ta yi za ta ci alade ba. Nama ta gani yana zubewa daga ƙashi ba tare da an sa wuƙa ba, shi ya ba ta sha'awa. Dabarar take tambaya, kuma dabara ba ta da addini.

E, su da alade suke yi, sunan abin kalua, ramin kuma imu. Yadda suke yi shi ne a haƙa rami, a hura itace a ciki, a jibga duwatsu a kai, irin baƙin dutsen nan na aman wuta mai huje-huje, tunda tsibiran nasu gaba ɗaya aman wuta ne ya haife su. Sai duwatsu sun yi jawur, sannan a daddatsa kututturen ayaba a shimfiɗa, a bi da ganyen ayaba da wani ganye nasu da suke kira ti. A shafe dabbar da gishiri, a cusa mata duwatsu masu zafi a ciki, a kwantar, a rufe da ganye, a bi da jiƙaƙƙen buhu, a mayar da ƙasa. Shi ke nan kowa ya kama gabansa, sai bayan awa 6 zuwa 8, wani sa'in ma kwana yake yi.

To ki lura da kyau, kututturen ayaban nan ruwa ne fal a cikinsa. Wuta ba ta taɓa naman ko kaɗan. Tururi ne ke dafa shi, hayaƙi kuma ya ba shi ƙamshi. Kin san yadda mai balangu yake nannaɗe nama a takarda ya tura shi gefen wuta ya yi ta tsuma har ya yi lugub? To abin ke nan, sai dai nasu ya fi daɗewa. Idan kin gane wannan, rami ma bai zama dole ba. Kuma don Allah kar wata ta je ta kwaso duwatsun rafi ta ce za ta gwada a tsakar gida, dutsen da ya sha ruwa fashewa yake yi in ya ji wuta, ya yi wa mutum illa.

Wai kun san kafin 1819 matan Hawayi ba sa cin wannan naman ma? Doka ce, mace ba ta cin alade, ba ta cin kwakwa, yawancin irin ayaba ma an hana ta, kuma ba ta zama ci da maza. Sai da sarkinsu Kamehameha na biyu ya zauna ya ci abinci da mata a gaban jama'a sannan dokar ta rushe. To wannan dai wani zance ne daban, bari in koma.

Ki sayi karfatar rago, kafaɗa nake nufi, da ƙashinta da kitsenta, kamar kilo 2. Kar mahauci ya lallaɓe ki ya ba ki cinya wai ta fi tsoka. Cinya bushewa za ta yi. Jijiyar nan da kike gani fara-fara a karfata ita ce ke narkewa in an daɗe ana ba ta wuta kaɗan-kaɗan, ta koma romo mai danƙo. In naman sa ne, ki nemi ƙirji. Ki tsattsaga jikin da bakin wuƙa, ki shafe da gishiri mai tsakuwa, cokali babba 1 da rabi. Su nasu gishirin ja ne, alaea suke ce masa, gishirin teku da aka haɗa da jar ƙasa. Ba sai kin nemo shi ba, namu ya isa.

Gishiri kawai fa. Ba magi, ba kori, ba tayim, ba yaji. Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi, ki daure. Kuma ba abarba!

Wannan maganar abarbar ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wadda ta yanka abarba ta ɗora a kan abinci sai ta ce wai na Hawayi ne. Abarba asalinta daga Kudancin Amurka take, noman ta na kasuwanci ne ya yi ƙarfi a can, irin kamfanin da James Dole ya kafa a 1901, shi ya sa sunan ya manne. Fizar nan ma mai abarba da ake cewa ta Hawayi, a Kanada aka fara yin ta a 1962, wani Bagirke ne mai suna Sam Panopoulos. Akwai wani biki da aka ba ni aikin nama, na gama shafa gishiri na tafi gida, ashe wata ƙawar uwar amarya, wadda ta fi kowa sani, ta bi bayana ta markaɗa ɗanyar abarba ta juye a kai ya kwana. Da safe na ɗaga murfi na dangwala yatsa, saman naman ya zama kamar an tauna an tofar, yana bin hannu. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke cinye nama, awa ɗaya ma ya yi yawa balle kwana. Kuma wa aka zaga a wurin bikin? Ni. Har yau matar nan in mun haɗu a suna sai ta ce mini wai ragon ne ƙarami. Ragon ne ƙarami! Allah dai ya kyauta.

Ina muka tsaya? Yawwa, ganye. Ki samo ganyen ayaba, ki zare ƙashin bayan nan mai tauri, ki ɗan kara shi a kan wuta. Za ki ga launin ya canja yana sheƙi, ya yi laushi, to ba zai yage ba in kin naɗe. Ki nannaɗe naman ruɓi biyu, ki bi da takardar foyil ki matse ko'ina, ki sa a faranti mai zurfi da ruwa rabin kofi a ƙasa.

A'a tsaya, na tsallake hayaƙi. Kafin ki naɗe ake yin sa. Su can a gidajensu yawanci ba wanda ke haƙa rami, ruwan hayaƙi na kwalba suke zubawa ɗan kaɗan su sa a oben. Mu da gawayi ke ƙofar gida me za mu yi da kwalba? Ki ɗora naman a waya a kan garwashi, nesa da harshen wuta, ki jefa ɗan guntun itace ya yi ta turnuƙe shi na minti 30 zuwa 40 kina juyawa. Itacen da suke amfani da shi kiawe ake kiransa, kuma ɗan uwan ƙiryarmu ne, wadda maƙera ke son gawayinta. In kin sami ƙirya kin gama. Kar dai ki sa katako mai fenti ko guntun filawud.

Oben ki sa shi a digiri 150 na ma'aunin Salshiyas, ki ba shi awa 5. Kar ki buɗe kina leƙe, duk buɗewa tururi kike zubarwa. In kin ga gas zai cinye miki kuɗin cefane, ko wutar nan tamu ba ta da tabbas, ki sa a tukunyar ƙarfe mai nauyi, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi, kina ƙarawa a hankali. Alamar ya yi ita ce ki kama ƙashin kafaɗar ki ja, ya zaro fes ba tsoka a jikinsa. In ya yi gardama, ki mayar ki ƙara awa ɗaya. Wai ke kina ganin ya dahu tun awa 2, e ya dahu, amma jijiya ba ta saki ba tukuna.

Ki bar shi ya huta minti 30 a naɗe, sannan ki yayyage da cokula masu yatsu guda biyu. Romon da ya taru kar ki zubar, ki kwashe man da ya taso ki mayar da sauran cikin naman, a lokacin ne za ki ɗanɗana gishiri. Su suna ci da farar shinkafa, ko da poi, wato gwaza da aka kirɓa aka dama, ko su yanka kabeji manya-manya su turara shi a cikin romon. Na kabejin nan ki gwada, yana kashe maiƙon. Yajinki kuma ki ajiye a gefen faranti, ban hana ba.

Sannan ki kai wa maigida da zafinsa, don kitsen rago da ya huce yake daskarewa a ganɗa. Wadda ta tambaya ko akuya za ta yi, za ta yi, amma ba ta da kitse, sai ki roƙi mahauci ya ba ki kitsen tumbi ki lulluɓe ta da shi kafin ganye, ki kuma fara duba ta tun awa 4.