Shin Tsaftar Kigali Gaskiya Ce, Ko Kwalliyar Hoto Ce Kawai?

Malam, ka tambaya ko tsaftar da ake yayatawa ta Kigali, babban birnin Ruwanda, gaskiya ce, kuma yaya aka yi suka kai nan. Gaskiya ce, amma ba dare ɗaya aka yi ta ba.

Tun 2008 ƙasar ta haramta leda. Dokar ba a takarda ta tsaya ba, domin ko a filin jirgi aka ga leda a jakar baƙo, karɓe ta ake yi. A 2019 aka faɗaɗa haramcin zuwa robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar.

Sai Umuganda, aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Da safe ake rufe shaguna, motoci su tsaya, 'yan unguwa su fito da tsintsiya da shebur, a share titi, a kwashe magudanar ruwa, a dasa itatuwa. Wanda ya ƙi fitowa ba tare da uzuri ba, tara na iya hawa kansa. A ganina wannan ne ƙashin bayan lamarin, domin wanda ya kwashe kwata da hannunsa ba zai yarda maƙwabci ya zuba shara a ciki ba.

Fadamar Nyandungu da ke cikin Kigali, wadda ta lalace, ita ma an farfaɗo da ita, aka buɗe ta a matsayin wurin shaƙatawa a 2022, tana kuma rage ambaliya.

Sai dai fa akwai ƙorafi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha sukar yadda ake kwashe masu talla da mabarata daga tituna ana tsare su, don birnin ya yi kyan gani.