Kai ka sayi kyamarar, amma tashar ta wa ce?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Yamai: "Assalamu alaikum. Wayoyin salula da kayansu nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Ɗan yayata yana Kano, mataimakin direban jirgin ƙasa na kaya ne. Bara ya zo mini da magana cewa akwai Turawa masu son kallon tafiyar jirgi daga gaban inji, awa biyu awa uku suna zaune, kuma YouTube na biya. Na saya masa kyamara da kwamfuta da sauran tarkace, ina kuma aika kuɗin intanet, jimla sefa miliyan 1 da jika 400. Da sunansa ya buɗe tashar a YouTube, ya ce ba a biyan wanda ke zaune a Nijar. Yau wata 14, mabiya sun kai 6,200, amma ya ce kuɗi ba su fara shigowa ba. Yanzu yana so in ƙara jika 900 ya sayi ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto, ya ce in layin Kano zuwa Maraɗi ya buɗe mu ne na farko. In ƙara ko in dakata?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ƙara ko dala ɗaya, dalarmu ta nan nake nufi, ta sefa biyar.

Yaron bai yi maka ƙarya a kan masu kallo ba. Suna nan, kuma hotunan jirgin tama na Muritaniya, mai tafiyar kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, sun isa shaida cewa layin dogon Afirka yana da masu sonsa. Matsalarka tana wani wuri, kuma ka faɗe ta da bakinka ba ka ji ba. Na karanta wasiƙarka daga sama har ƙasa ban ga kalmar takarda ba. Kai da ba ka ba maƙwabcin rumfarka katan ɗin caja sai ka rubuta a littafi, ka tura miliyan 1 da jika 400 ƙetaren iyaka a kan maganar baki. Zauna ka lissafa abin da ke hannunka yau. Kyamara tana Kano. Tasha tana kan imel ɗinsa, lambar tabbatarwa wayarsa take shiga. Asusun AdSense, inda Google ke tara kuɗin talla, sunansa ne a kai, bankin ma nasa. Ainihin bidiyoyin suna cikin kwamfutarsa. Kai rasitan aika kuɗi kawai ka riƙe, in ma ka adana su. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ban ce ɓarawo ne ba, kuma ba sai ya zama ɓarawo za ka yi asara ba. A sace masa waya a tashar jirgi, ko a sauya masa wurin aiki, ko ya yi aure buƙata ta ƙaru, ko ta Allah ta kasance magada su ce tashar ɗansu ce, duk ɗaya ne a wurinka. Irin wannan haɗin gwiwa, ko taksi ce ko injin niƙa ko tashar bidiyo, hanya ɗaya yake bi. Shekarar farko kawu yana zuba kuɗi yana jin kunyar tambaya. Ta biyu yaro ya fara ganin cewa shi ne mai kwana a hanya yana shan ƙura, kawu kuwa yana cikin inuwa, don haka abin da ya shigo ladan wahalarsa ne. Ta uku kawu ya tambaya, uwar yaro ta ji, ta ce ana tuhumar ɗanta da sata. Kowa a cikinsu yana ganin shi ke da gaskiya, don tun farko ba wanda ya ce ga naka ga nawa.

Maganar "kuɗi ba su fara shigowa ba" kuwa, minti biyu ya isa a gane gaskiyarta. Kafin YouTube ya raba kuɗin talla da tasha, yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Mabiya kun ninka su shida. Awa 4,000 kuma ba wani tudu ba ne ga mai dogon bidiyo: in kowane mai kallo ya tsaya minti 15 kacal, kallo 16,000 ya cike su. To, me ya riƙe kuɗin? Akwai dalilai na gaskiya da kan jawo haka. Wataƙila bai nemi shiga tsarin rabon kuɗin talla ba, ko ya nema an ƙi. In kuɗi suka kai dalar Amurka 10, Google kan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma mutane da yawa a nan suke maƙalewa wata da watanni. Ba a kuma tura kuɗi banki sai sun kai dalar Amurka 100, wato wajen jika 55 zuwa 60, ana biya tsakanin 21 da 26 ga wata. Sannan in bai cike takardar harajin Amurka ba, ana iya yanke masa har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu. Kowanne daga cikin waɗannan a rubuce yake a allon YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa tasharsa, da na AdSense. Kuma kada ka ce ka ga talla a bidiyonsa, don haka ana biyansa. YouTube na sa talla har a tashoshin da ba ya ba ko sisi.

Saboda haka aikin farko shi ne ka ga allon da idonka, daga wayarka, ba hoton da zai turo maka a WhatsApp ba. A cikin Studio akwai wurin ba da izini, inda mai tasha ke gayyatar wani ta imel. Ya gayyace ka a matsayin manaja. Ka lura da kyau, akwai matsayi taƙaitacce wanda ke nuna yawan masu kallo ya ɓoye kuɗi, kada ka karɓi wannan. Manaja ma mai tasha na iya cire shi duk ranar da ya ga dama, don haka matakin gaba shi ne a mayar da tashar kan irin asusun Google na kamfani, wanda ke ɗaukar mai shi fiye da ɗaya, a sa ka cikin masu ita. Bayan kwana 7 a wannan matsayi ana iya mayar da kai babban mai tasha. AdSense ka bar shi da sunansa. A Kano yake zaune da gaske, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da ake biya. Kada wani mai wayo ya ce ka ƙirƙiri adireshin ƙarya, rufe asusu ake yi da kuɗin a ciki.

Sai takarda, shafi ɗaya ya wadatar. Abin da kuke yi yana da suna a fiƙihu, ƙiradi: wani ya kawo jari, wani ya kawo ƙarfi, a raba riba da kaso sananne, rabi da rabi ko sulusi, ba da adadin kuɗi tsayayye ba. Malamin unguwarku zai warware muku sharuɗɗansa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. A rubuta jerin kayan da lambar jikin kowanne da kuɗinsa, a ce naka ne. A rubuta kason kowa, da ko jarinka zai fara fita kafin rabo. A rubuta cewa lissafi a kan dalar Amurka da AdSense ya nuna ake yinsa, da canjin ranar da aka tura maka, domin kuɗin da ya shiga Naira ya kwana uku kafin ya zama sefa yakan rame a hanya, kuma nan ne gardama ke fara tsirowa. A rubuta me za a yi da tasha in ɗayanku ya janye ko ya rasu. Shaidu biyu, ɗaya daga ɗakin yayarka.

Akwai takarda ta biyu da ba ka ambata ba, ita ta fi hana ni sakewa. Wa ya ba shi izinin ɗaukar hoto a cikin kan jirgi? Kujerar da yake zaune ba tasa ba ce, ta ma'aikatarsa ce. Aikin mataimakin direba ido ne: sigina, mararrabar mota, shanu a kan layi, mutum da ya ratso. Jirgin kaya da lodi ba ya tsayawa kamar mota. Birkinsa na iska ne, in direba ya ja sai matsin iska ya ragu a bututu daga inji har taragon ƙarshe kafin duka su kama, kuma in yana gudu yana iya cin kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya. Daƙiƙa biyar da yaro ya sunkuya yana gyara kyamara suna iya zama ran mutum. In wani abu ya faru, bidiyon da ya ɗauka da hannunsa shi ne shaidar farko a kansa. Ko ba hatsari, ran da wani babba ya ci karo da tashar, aikinsa na iya tafiya, kuma albashin nan ya fi tashar daraja nesa ba kusa ba. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, wanda ke yaɗa hoton gadoji da tashoshi da lokutan wucewar jirgi ba da izini ba yana neman amsa tambayoyin da ba zai so ba. Ya nemi izini a rubuce, mai sa hannu da hatimi, wanda ya ce an yarda a kafa kyamara kafin tashi, ba a taɓa ta sai an tsaya, kuma an yarda a wallafa. In ba a ba shi ba, babu sana'a a nan, kuma gara ka sani yanzu.

Jirgi maras matuƙi fa? Tambaya ɗaya ka yi masa: in yana cikin inji, wa zai tuƙa shi? Batirinsa minti 20 zuwa 30 yake yi, shi ma yana da nasa izinin daban, kuma masu kallon irin wannan bidiyo ba shi suka zo nema ba. Gilashi mai tsabta suke so, hoto maras rawa, ƙarar inji da ƙafafun tarago a kan gaɓar dogo, tafiya ba yankewa, da sunan kowace tasha a rubuce in an iso ta. Abin da ke ɓata wannan duk ƙananan kaya ne. Maƙalin roba mai tsotsar gilashi yakan saki in rana ta gasa shi, maƙalin ƙarfe mai matsewa ya fi. Ƙananan kyamarori kan kashe kansu a zafin bazara in suna ɗaukar 4K, wato hoto mai tsananin kyau, maganinsa a cire batirin ciki a jona da na waje, a yi mata inuwa. In rediyo na kiɗa a cikin inji, na'urar YouTube za ta gane waƙar, kuɗin tallan ya koma wurin mai ita. Da hunturu kuwa, ƙura kan rufe gilashi kafin a ci awa guda. Duk gyaran nan bai kai jika 60 ba.

Ga wani lissafi da ya kamata ka riƙe, tunda kai ke biyan intanet. Awa ɗaya ta 4K mai kyau tana cin wajen giga 45. In layin intanet ɗinsa na ɗora megabit 5 a daƙiƙa, awa 20 ke nan kafin awa ɗaya ta hau. Waɗannan ainihin hotuna su ne hajarku, su ne abin da gidan talabijin zai iya saya wata rana, in akwai takardar izini. In takardun nan sun kammala, sayi faifan ajiya biyu masu tera 4, kowanne na ɗaukar kusan awa 88, ɗaya ya zauna Kano, ɗaya a ɗakinka a Yamai, ana musanya su duk bayan wata uku ta hannun direban da ka yarda da shi.

Batun riba, rage buri. Kuɗin talla ya danganta da ƙasar mai kallo, na Jamus ko Amurka ya ninka na yankinmu sau da yawa, kuma allon zai nuna maka daga ina masu kallonku suke. Mu ƙaddara dalar Amurka 2 a kan kowane kallo 1,000. Jarinka wajen dalar Amurka 2,400 ne, wato sai an kalle ku sau miliyan 1 da dubu 200 kafin ya dawo, in yaro bai taɓa komai ba. In rabi da rabi ne, ninka. Kwatanta da abin da miliyan 1 da jika 400 ke juyawa a rumfarka cikin wata 14.

Layin Kano zuwa Maraɗi kuwa, kilomita 284, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, Allah ya nuna mana gamawarsa. Amma mutumin Yamai bai kamata a koya masa haƙuri da jirgi ba. A 2014 aka buɗe tashar jirgin garinmu, a 2016 aka yi bikin dogon da ya kai Doso, kilomita 143, kuma har yau kayanka a bayan kamiyo suke zuwa. Ran da jirgi ya yi kuka a Maraɗi, kyamarar da za ku saya lokacin ta fi ta yau kyau da araha.

Kira yayarka kafin ka kira yaron, ka gaya mata takarda za a yi don kare shi da kai, kada ta ji a bakin wani. Shi kuma ka ba shi mako biyu: gayyata a Studio, hoton takardar izini ko shaidar ya nema, da ranar da zai zo Yamai a sa hannu. Kuɗin intanet na wannan wata ka riƙe shi har gayyatar ta shigo wayarka. In mako biyu suka cika yana kwana-kwana, ka ce a aiko da kyamara da kwamfutar. Kai ka fi ni sanin farashin na hannu a Babbar Kasuwa, in ka samu rabin kuɗinsu ka karɓa.