Kiyashi, Ƙare-Dangi da Batun Niyya

Daga Gusau: Malam, a labarin kisan Armeniyawa a Daular Usmaniyya ta Turkiyya lokacin Yaƙin Duniya na Farko na ji wani gidan rediyo ya ce "kisan kiyashi", wani kuma "kisan ƙare-dangi". Ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake masu fassara labarai cikin gaggawa sun mai da su Ɗanjuma da Ɗanjummai. Kiyashi yawa yake nunawa. Ƙare-dangi kuwa da manufarsa yake tafe, wato a shafe iri. A kan wannan gaɓar masana suke ta ja-in-ja, domin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta rataya laifin ne a kan niyyar halaka wata al'umma, dukanta ko sashenta.

Gwamnatin Turkiyya ba ta musun an yi asarar rayuka. Cewa take yi ana yaƙi da Rasha, aka kwashe Armeniyawa saboda tsaro, yunwa da cuta da 'yan fashi suka cinye su a hanya. Masani Ba'amurke Guenter Lewy ma ya ce babu takardar da ta tabbatar da umarnin kisa daga sama. Mafi yawan masana tarihi, har da Baturke Taner Akçam, sun ce niyya a fili take: an kame manyan Armeniyawa a Istanbul ranar 24 ga Afrilun 1915, an riƙa ware maza ana kashewa, an kora mata da yara a ƙasa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya, an kwashe har na yammacin Anatoliya da ke nesa da fagen daga. A 1919 kotun sojan Daular Usmaniyya ta yanke wa Talat Pasha, ministan cikin gida a lokacin kwashewar, hukuncin kisa bayan ya tsere. Ƙiyasin mamata ya kama daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Hujjar masu cewa niyya a fili take ta fi nauyi a wurina. Mai karanta labarai dai ya sani, kalmar da ya furta ɓangare ya ɗauka.

Daga Maraɗi: "Labarin zuciya a tambayi fuska" zai shiga nan?

Ƙwarai. Inda babu rubutaccen umarni, daga salon aikin ake karanto niyya.

Daga Kumasi: Niyya da ganganci fa?

Niyya tana riga aiki, ganganci a cikin aikin ake ganinsa.

Daga Zariya: Na ga ana kiran dokar kwashe su "Tehcir".

Dokar watan Mayun 1915 ke nan. Tushenta ɗaya da "hijira" a Larabci, sai dai tahjir tilasta wa wani tashi ne. Masu rubuta "Armeniyawa sun yi hijira" su gyara, korar su aka yi.